Goron Gwaggo Kubura

Taura, Jihar Jigawa.

Zuwa ga aminiyata Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙawata, zuciyata tafasa take yi. Kin san tun da likitan nan na Dutse ya ce mantuwata ba sakarci ba ce, lalura ce da suke kira ADHD, na jingina rayuwata da ƙararrawar waya. Ita ke tuna min shiga aji, ita ke tuna min tukunya a kan wuta. Har maigidana ya daina cin ƙanzo.

Sai ga Munira 'yar Baffa, wadda muke koyarwa tare a Islamiyyarsa, ta kai masa tsegumi wai wayata tana kuka ana tsaka da karatun Alƙur'ani. Baffa ya hana. Na kashe wayar na jefa a jaka, na kuma manta ban kunna ba. A makon ne zan karɓo allunan yaran ajina daga wajen mai zayyana. Ranar walimar sauka yaran da na sha wahalarsu suka tsaya gaban iyayensu ba allo ko ɗaya, Munira tana gefe tana gyara mayafi. Washegari Baffa ya karɓe ajina ya ba ta.

Wallahi sai na rama, kuma na ga hanya. Bikinta ya matso, ni Baffa ya damƙa wa goro da alawar gayyatar Gwaggo Kubura ta Miga. Gwaggo ce ta raini Munira, ita za ta kai ta ɗaki, kuma kin san halinta: in ba a kai mata goro har gida ba, ko da mota aka zo ba ta shiga. Tunda ni ce sarauniyar mantuwa, to zan manta. Wannan karon da gangan.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Mu'minatu.

Zuwa ga aminiyata Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya yara, ya ƙoƙari? Na ji Inna ta miƙe, alhamdulillahi.

Na sami saƙonki na in yi haƙuri, amma ya tarar na gama. Na cusa goron a bayan buhun gero. Kada hali ya ci ni in kai shi a bisa kuskure, har ƙararrawa na sa tana tuna min kada in je Miga.

Gwaggo ba ta zo ba. An kira ta a waya ta kashe, an aika mota ta dawo ba kowa. Munira ta yi kuka har kwalliyarta ta jagule, dangin ango suna ta ƙus-ƙus, maƙwabciya ce ta kai ta ɗaki. Ba zan ɓoye miki ba, na ji sanyi a raina, tuwon bikin ma sai da na ƙara.

Na shirya wa faɗan Baffa, sai bai yi ba. Ya tara 'yan gida ya ce kada wanda ya ga laifina, lalura ce, laifinsa ne da ya ɗora min abin da ya fi ƙarfina. Ya ce da ma ya ba ni goron ne don ya gwada ni, ya yi niyyar in na kai ya mayar min da ajina tunda Munira za ta tare a Garki. Yanzu ya nemo wata malama. Munira da kanta ta aiko wai ta yafe min.

Sa'adiya, abu ɗaya na taɓa tunawa daram ban saki ba a rayuwata, shi ne kuma aka tausaya min a kai. Yarana suna gaishe ni a hanya, suna tambayar yaushe zan dawo.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Mu'minatu.