Na Hana Surukina Allurar Cizon Kare, Ya Riƙe Mini Mata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka sakaya sunana, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi raina a ɓace yake, ina tsoron in yanke hukunci cikin fushi.

Ni farmasi nake riƙe da ita a Tanout, abin da na karanta kenan. Iyalina ƴar wani ƙauye ce ta wajen Gangara, tana da ƙanwa ƙarama, autarsu, ba ta fi shekara takwas ba. Yarinyar nan ta kai wa babansu fura gona wajen yankan hatsi, kare ya cije ta a ƙwauri. Kuma ba karen gida ba ne, an ce yana dalalar da miyau, ya ciji akuyoyi, har samari suka bi shi da sanduna suka kashe.

Washegari sai ga surukina a farmasi, shi kaɗai, babu yarinyar. Ya ce in ba shi allurar cizon kare zai bi motar kasuwa ya koma. Na tambaye shi an wanke ciwon da sabulu da ruwa sosai? Ya ce an ɗaura sassaƙe. Na ce wa zai yi mata allurar? Ya ce Dokta. Jama'a wannan Dokta ɗan ƙanensa ne, bai taɓa karatun lafiya ba, magunguna yake yawo da su kasuwa-kasuwa cikin akwatin ƙarfe a bayan moto, wato babur, rana tana dukansu tun safe.

Na yi masa bayani cikin ladabi, na ce Baba wannan rigakafi a firigo yake zama, in zafi ya taɓa shi ƙarfinsa ya tafi, kuma da ido ba a gane wanda ya lalace. Na ce ba sau ɗaya ake yi ba, akwai ranakun da ake komawa, kuma a dantse ake yi, ma'aikacin lafiya ke yi. Na ce ya bari in rufe farmasi, in sa shi cikin akwatin ƙanƙara mu tafi tare, majo, wato babban ma'aikacin lafiya na asibitin kusa da su, ya yi mata, ko a kawo ta gidana ta zauna wajen yayarta har ta gama. Ya ce shi ba ya son dogon turanci, in miƙo kwalbar ya sa a aljihu. Nan bakina ya suɓuce na ce, "Baba ai ba goro ba ne." Akwai mutane a wajen, wani ya yi dariya. Ya kalle ni ya ce, "To Allah ya ba ka haƙuri, likita," ya fita. Na bi shi har tasha ina roƙonsa, ko waiwayowa bai yi ba.

Da iyalina ta ji sai hankalinta ya tashi, na sa ta a mota don ta je ta taho da yarinyar. Sai ta tarar Dokta ya riga ya yi mata allura a ɗuwawu, wajen ya kumbura, da ƙyar take zama. Na ce ta nemo kwalbar ta turo mini hotonta a WhatsApp. Na duba sunan da ke jikin kwalbar. Allurar tetanus ce! Ba ta da alaƙa da haukan kare ko kaɗan. Mutumin nan ya soka wa yarinya abin da ya ga dama, ya ce musu an gama, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Na kira surukina bai ɗauka ba. Na aika wa amininsa, shi ma aka ce masa ƴar ta warke, tana wasa, ciwon ya fara bushewa. To ai haka ciwon haukan kare yake, shiru yake yi a jiki, ranar da ya bayyana kuma babu likitan da zai iya komai. Abin da ke ƙona mini rai, maganar dangi gaba ɗaya ta koma kan goro. Wai na wulakanta dattijo a gaban mutane, wai boko ya sa ni girman kai, wai hassada nake yi wa Dokta don yana da jama'a. Ba wanda ke maganar ran yarinya. Yanzu ya hana iyalina dawowa, ya ce sai na zo da manyana na ba shi haƙuri, kuma kar in kuskura in sake ambatar allura a gidansa.

Haƙuri zan ba shi, ko durƙuso yake so zan yi. Amma manyana suna Zinder, sun ce in bari zuciya ta huce, a je bayan an gama kai hatsi rumbu. Ciwon nan ba ya jiran rumbu.

Yau da safe surukata, uwar yarinyar, ta ari wayar maƙwabta ta kira ni tana kuka. Ta ce ita ta ga karen da idonta. Ta ce ranar kasuwar Gangara za ta fito da yarinyar kamar za su sayen atamfa, in zo in same su mu wuce asibiti, babanta bai sani ba. Ta ce, "Ɗana, ka rufa mini asiri, ita ce autata."

Na san halin surukina, in ya gano zai ce a raba aurena, kuma ita ma tsohuwar ba za ta tsira ba. In kuma na kai ƙarar Dokta wajen hukumar lafiya, na shiga gaba da dangin matata har abada, in na yi shiru gobe ɗan wani zai soka wa. Jama'a ku gaya mini, in je in ɗauki yarinyar a ɓoye, ko in tafi gidan kai tsaye da majo in faɗa masa ido da ido, komai ta fanjama fanjam? Kasuwar jibi ce, kuma tsohuwa tana jiran amsata.