Takunkumin Dogo Ya Fi Nawa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan jan ido.

Har yanzu ina ɗakin feshin fenti. Takunkumina hanci da baki kawai yake rufewa, kuma sai da na aske gemu, don iska tana shiga ta gefen gashi. In na ji warin fenti a ciki, sai in canza matata. Ta takunkumi nake nufi, kada maman yara ta ji!

Abin da ke cina shi ne Dogo, wanda ni na koya wa aikin. An ba shi feshin cikin tanki da takunkumi mai rufe kai duka, mai tiyon iska. Gemunsa ma yana nan. Shugabanmu ya ce min, “Irin naka tacewa kawai yake yi, ba ya kawo iska.” Gaskiya ne, amma me ya hana a ba ni?

Jiya ni aka sa gadin tiyonsa. Na tsare tsakani da Allah, amma da ya fito yana min godiya, kasa kallonsa na yi.

Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka