Garken da ke Cikin Gilashi

Tawa, ranar Talata

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya ruwan Abijan? Mu nan lafiya lau. Ɗiyarka Haula ta soma tafiya, kajin gida ba su da sauran hutu.

Sai dai kifayen adon nan da ka bar mini a butik, shagon namu, suna neman tsufar da ni. Ka ce a waya in mutuwarsu ba ta tsaya ba mu sayar da akwatunan gilashin, kai kuma ka ƙara shekara a can. Wallahi ranar abinci bai shiga cikina ba. Wata shekara kuma? Ni ban yarda ba.

Shi ya sa na soma bin sawun mutuwar. Na jera gwangwanayen tumatir, kowace rana da nata, duk kifin da na tsame matacce sai in jefa ƙwallon dabino a gwangwanin ranar. Da farko na zargi ɗaukewar wuta, na zargi ruwan pampo, har mai kawo mana su daga Yamai na zage shi a zuci, Allah ya yafe mini. Ashe gwangwanin Litinin ne kaɗai ke cika.

To me ke faruwa ran Lahadi? Ranar ce Baba ke zuwa kasuwar bisashe daga Barmu, ya zauna mini a butik in je in ɗora tukunya. Lahadin nan na dawo ɗaukar mabuɗi, sai na hango shi ta taga ya kwance wani ƙulli, yana marmasa kanwa cikin ruwan, ya bi da dusa, yana lallaɓa su da murya yadda yake yi wa tumakinsa. Maigida, dariya da kuka suka zo mini tare. Na koma da baya a hankali.

Yanzu ka gaya mini, da wane baki zan ce wa surukina shi ke kashe mana kifi? Ni da ko idonsa ba na iya kallo.

Matarka,
Nasiratu

Tawa, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan jikinka da aikinka duk lafiya. Inna tana gaishe ka.

Ban jira amsarka ba. Jiya na durƙusa gaban Baba, na ajiye gwangwanayen, na ce abin ya fi ƙarfina, shi da ya san dabba ya duba mana. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Da ya zo kan na Litinin sai ya daɗe yana shafa gemu. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina tsoron kada ya ji na ci masa fuska.

Can sai ya yi gyaran murya, ya ce ya gano, lalle akwai wani mai zuba musu abu ran Lahadi, wataƙila da kyakkyawar niyya, don duk mai kiwo in ya ga dabba ba ta ƙiba zai ce kanwa ta rasa. Ya ce daga yau shi ne mai gadi, duk wanda ya miƙa hannu zai gamu da shi. Na ce Allah ya saka da alheri. Da zai tafi ya miƙo mini ƙullin nan, ya ce in riƙa sawa a wake.

Sai da ya sha kwana na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ina son tsohon nan, wallahi.

Taka,
Nasiratu

Tawa, ranar Alhamis

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da bege mai yawa. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Albishirinka! Mutuwa ta tsaya. Litinin ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ban tsami ko ɗaya ba. Kuma kifayen nan masu jar wutsiya sun haihu, 'ya'yan ƙanana kamar tsakin gero, sun cika akwati.

Baba ya mai da abin nasa. Ya sa na ware masu ciki a akwati daban, ya raɗa wa manyan suna bisa launinsu, yana korar 'yan kabu-kabu masu ƙwanƙwasa gilashi. Wata malamar lakwal, mai koyar da 'yan makaranta, ta zo saye, ya tsare ta da tambayoyi har ta rantse ba za ta cika musu abinci ba, sannan ya yarda na sayar. Jiya ko kasuwa ba ta ci ba, sai ga shi ya zo wai duba masu jego.

Shi ya ce in rubuta maka cewa maganar sayar da akwatuna ta mutu, garke ya fi ƙarfin tsoho da mace, ka tattaro kayanka ka dawo kafin damina. Saƙonsa ne, ba nawa ba, kuma ka san ba a yi masa musu.

Ni dai ka faɗa mini ranar, in san lokacin da zan sa lalle.

Matarka mai jiranka,
Nasiratu