Dogo Yana So In Buɗe Kwalin

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan kai wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ke ma na san za ki murmusa, amma ki daure ki karanta har ƙasa. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, domin na daɗe da yanke cewa masu ba da shawara ba su fi masu nemanta sanin komai ba. Kada ki ji haushi. Haka bakina yake, matata ta ce da shi za a binne ni.

Ni dattijo ne, na yi ritaya. Karatun gina gada na yi, kuma ba yabon kai ba, a ajinmu babu wanda ya sha gabana. Na fito da zumuɗina, aka ba ni tebur a wani ofis, aka ce in riƙa duba takardun gadojin da wasu za su gina. Na duba, na ja layi da jan biro inda ya kamata, sai aka koma kai takardun wurin wanda ba shi da jan biro. Waɗanda suka kwafi amsata a jarrabawa su suka zama shugabannina. Ranar sallamata ɗayansu ya miƙa mini agogon bango, ya kuma kira sunana ba daidai ba. Har na bar aiki ko kwalbati ban gina ba.

Ba kuka na zo yi ba. Yanzu hankalina kwance yake, kuma ga dalili. Tun ina makaranta nake karanta littattafan zane na jarumai, irin waɗanda ke tashi sama ko su ɗaga mota da hannu ɗaya. Tsararrakina sun girma sun bari, ni na girma ban bari ba. A cikin littattafan nan in gada za ta faɗi, wani yana zuwa ya tare ta, ba ya neman sa hannun kowa. Da yara suka watse, na karɓe ƙaramin ɗakin baya, na buga masa kantoci na katako da hannuna. Su ne kaɗai ginin da na yi a duniya, kuma har yau ba su karkace ba. A ƙasa littattafai ne, kowanne a ledarsa, a jere bisa lamba. A sama mutum-mutumin jaruman ne na roba. Na sa labule mai kauri saboda rana tana cinye musu kala, ina kuma share su da burushin fenti mai laushi. Matata tana kiran su mutanena. In ta kawo mini shayi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ta tambaya wai mutanena sun tashi lafiya, ko a ƙaro kofuna. Ina ɗaure fuska, amma in ta yini ba ta yi ba sai in ji wani abu ya ragu.

Mu masu tara irin waɗannan kaya muna da ƙa'ida ɗaya da ta fi kowace: ba a buɗe kwali. Jarumi yana zuwa a kwalinsa, gabansa da tagar leda mai ƙarfi da ake hango shi, bayansa a jingine da takarda, bakin kwalin a manne da salatif na kamfani. In ka yanke wannan salatif, shi ke nan, ya tashi daga abin tarawa ya koma abin wasa, ba kuma mai mayar da shi. Ina da waɗanda na saya a buɗe, su nake taɓawa. Amma akwai ɗaya da ke saman kanta shi kaɗai, wanda tun da ya bar kamfani hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba.

Sai in gaya miki labarin Dogo. Gajere ne ƙwarai, tun a makaranta muka laƙa masa sunan, ya bi shi har tsufa. A ƙarƙashin tebur muke musayar littattafai ana darasi. A gidan waya ya yi aiki, kuma ta hannunsa yawancin kayana suka iso, har da wannan kwali. Duk fim ɗin jarumai da ya fito tare muke zuwa silima, mu zauna a ƙarshen layi saboda gwiwa, mu fito muna musu har bakin titi. Dogo komai ya burge shi, ni kuwa ban taɓa ganin fim ɗin da bai ci amanar littafinsa ba. Yana kirana Injiniyan Tebur. Duk duniya shi kaɗai zai faɗi haka in yi dariya.

Jarumin da ke cikin kwalin muna kiran sa Mai Tsani. Ba shi da wani ƙarfi na azo-a-gani, tsani ne kawai a kafaɗarsa mai miƙewa har inda ake bukata, yana sauko da mutane daga benen da ya kama wuta. A littafi akwai wani ɗan faci a bayan rigarsa, wanda mahaifiyarsa ta ɗinka masa. Da masu fim suka zo sai suka cire facin, suka ba shi riga mai ƙyalli kamar kwanon sha. Ranar saura kaɗan in fita daga silima, Dogo ya riƙe mini riga.

To, musunmu na shekara da shekaru shi ne: akwai facin a bayan wannan mutum-mutumi, ko babu? Ba a gani, tunda bayan yana fuskantar takarda. Dogo ya rantse akwai, wai wanda ya sassaƙa shi mai son littafin ne, daga yadda ya sassaƙa tafin hannun ma za ka gane. Ni na ce babu, domin na yi aiki da mutane, na san ba wanda ke wahalar da kansa a kan inda ido ba ya kai wa. Autarmu ta taɓa cewa za ta duba mana a waya yanzu-yanzu, muka taso mata mu biyu kamar ta zagi iyayenmu.

Yanzu ciwon suga ya taɓa wa Dogo ido. Likita ya ce za a iya rage gudun abin, amma wanda ya tafi ya tafi. A fim ɗin da muka gani na ƙarshe ya riƙa taɓa ni yana tambaya wa ke magana, muka fito bai yi musu ba, ya ce dai sautin ya yi daɗi. Kwanan baya ya zo ɗakina, ya ce in sauko masa da Mai Tsani. Na miƙa masa kwalin. Ya kai shi dab da fuska, ya juya shi wajen haske, ya bi tagar da yatsa, sai ya yi dariya ya ce shi leda kawai yake ji. Daga nan ya ce, cikin wasa kamar yadda ya saba, wai Injiniyan Tebur ya buɗe musu mana, ya shafa bayansa ya ji, kafin a ce ko gaban ma ba ya gani. Na ce zan yi tunani. Bai sake tayar da maganar ba. Yana zuwa, muna shan shayi, yana tsokanata, amma ba ya ɗaga kai wajen saman kanta.

Matata ta ce in ban buɗe ba ita za ta buɗe da wuƙar kicin, in ya so in sake ta. Auta ta kawo wata dabara, wai za ta nemo mini irinsa wanda wani ya riga ya buɗe, in miƙa wa Dogo a matsayin nawa, tunda ba zai bambance ba. Ba zan ɓoye miki ba, dabarar ta zauna mini a rai.

Ba maganar sayarwa ba ce, ban taɓa niyyar sayar da shi ba. Abu biyu ne. Na ɗaya, shi kaɗai ne abin da na mallaka wanda duniya ba ta sa wa hannu ba. Na biyu ya fi nauyi. Duk abin da na taɓa juyawa a rayuwata na tarar bayansa ba fenti. In na buɗe, Dogo ya shafa ya ji roba sumul, na ci musu ke nan. Wannan musun kuwa ba na so in ci.

In buɗe, ko in bi dabarar Auta, ko in yi shiru mu ci gaba da shan shayinmu?

Naki,
Tsohon Injiniya

*

Baba Injiniya,

Ban ji haushi ba, kuma na karanta har ƙasa. Na murmusa, amma ba kai na yi wa ba, Mama na yi wa da kofunanta. Ka gaishe ta.

Bari in fara da ɓangarenka. Kwalin naka ne, ka kiyaye shi shekaru, kuma ba wanda ke da ikon ce maka ai roba ce kawai. Mutumin da aka ɓata wa aikin da ya iya, in ya sami abu ɗaya da ya tsare bai lalace ba, ba wauta ba ce ya ji nauyin sa masa reza. Don haka a ajiye wuƙar kicin. In za a buɗe, kai za ka buɗe, da hannunka, da yardarka. Dogo ma ya san haka, shi ya sa ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru.

Amma ka dubi shirun nan da kyau. Mutumin da kuka yi rayuwa kuna musu a kan komai, yau ga abu ɗaya da yake kauce wa a ɗakinka. Ka ce in ka bar maganar za ku ci gaba kamar da. Ba kamar da kuke ba, Baba. Kun riga kun fara lallaɓa juna, ku da ba ku saba ba.

Dabarar Auta kuwa ka bar ta. Da kyakkyawar niyya ta kawo, amma ma'anarta ita ce ka yi amfani da ciwon abokinka ka ruɗe shi. Shi ya ɗauko maka kwalin nan tun farko. Ko bai gane ba kai ka sani, kuma kai ne za ka riƙa zama da shi kana kallon na gaskiyar a saman kanta. In har ka ga ba za ka iya buɗe naka ba, ka nemo wancan, ka gaya masa gaskiya cewa wani ne. Wannan ba laifi. Sai dai ba shi ya roƙa ba.

Shawarata ka buɗe. Ƙa'idar da kake bi an yi ta ne don kaya su riƙe darajarsu wurin mai saye, kai kuwa ka ce ba sayarwa za ka yi ba. To wa kake ajiye wa? Ba za a sami wanda ya san Mai Tsani kamar Dogo ba, kuma yanzu ne yake da sauran gani. In ka ja lokaci, zai ji facin ko rashinsa da yatsa, amma kalar rigar ta wuce shi.

Game da tsoronka, ina ganin ka raina Dogo. Mutumin da likita ya gaya wa abin da ya gaya masa, ya zo ɗakinka yana dariya, ba rashin faci a bayan roba ne zai karya shi ba. In babu, zai ce naka ne aka manta, na sauran mutane duk akwai, ku buɗe sabon musu. In kuwa akwai, sai ka haƙura ka sha tsokana har ƙarshen rayuwarka, ka kuma yarda cewa wani, a wani wuri, ya gyara inda ido ba ya kai wa. Kai ma ai ka yi, da jan bironka, shekara da shekaru.

Ku yi shi da rana, ka ɗage labulen ko na ranar kaɗai, don ya sami haske sosai. Ku wanke hannu. Ka yanka salatif ɗin da reza ta ƙasan kwalin, a hankali, yadda za ka iya mayar da shi mazauninsa ka ajiye. In ka zaro shi kada ka juya. Ka sa shi a tafin Dogo, ka bar shi ya gaya maka abin da ya ji.

Bayan wannan akwai aikin da ya fi. Ka riƙa raka shi wurin likita, ka sa ido a kan maganinsa da abin da yake ci, shayinku ma a rage masa sukari. Ka ciro littattafan daga leda ka karanta masa da murya, kana faɗa masa abin da ke cikin zanen. Kada ku daina zuwa silima. Ka zauna kusa da kunnensa ka riƙa ba shi labarin abin da ke faruwa, har da ƙorafinka, don ya sami abin da zai musa in kun fito.

Ka aika masa yau, kafin ka sake samo wani dalili. Allah ya tsayar wa Dogo ciwon nan inda yake, ya ƙara muku lafiya, ya bar ku tare kuna musunku.

Taku,
Mai kula da fili