Akwatin Kiɗan da Ya Shaƙe Muryar Baba

Yaya Ilu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lahiya, da Rabi da yara, da aikin Agadas. Mu nan unguwar Zariya sai godiya.

Amma raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Na ce a bar ni in zaɓo ma Inna akwatin kiɗa na MP3 da kaina, ka ce Sale ɗan Kawu ya fi ni sanin kayan wuta. To, ya tahi kasuwa, mai shago ya sa mashi kiɗan ganga cikin hayaniya, ya ga fitilu na walƙiya, ya ɗauko. Ko katin memori na Inna bai riƙa ya gwada ba.

Ka san waƙoƙin noman marigayi Baba na gayyar Jiratawa ne a katin. Da muka sa, muryar ta fito kamar ƙuda cikin gwangwani. Inna ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Wane ne wannan?"

Gobe zan maida akwatin, da katin a hannuna. Wanda Inna ta gane mijinta a ciki, shi zan ɗauko. Kada ka ƙara turo mani kowa.

Ka gaida Rabi. Ku sa Baba a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza