Kanal a Cike, Famfon Ɗakin Maza a Bushe

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, shugaban asibitin gwamnati na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Mai rubuto maka shi ne tsohon nan na gado na shida a ɗakin maza, wanda nas-nas ɗinka suka raɗa wa suna "Baba Ba-Majinyaci", don ba ni da mai jinyata. Sunana Malam Hamisu, tsohon malamin gona. Tun zamanin kwalbar tawada na yi makaranta, ka yi haƙuri in na ja zance.

Lauje ne ya yanke ni a ƙafar hagu ina yanko wa akuyata ciyawa a bakin kanal. Yankan bai kai tsawon yatsa ba, amma saboda ciwon suga aka kwantar da ni. Kwana ashirin da uku na yi, na fito da gyambo. Yanzu an ce saura magani ɗaya, in ya ƙi sai a yanke ƙafar. Ni kuwa da ita nake zuwa masallaci, inda nake samun abokan hira tun rasuwar maiɗakina.

Na ɗaya, ruwa. Kanal na wucewa ta bayan katangarku yana tumbatsa, shinkafa na sha har ta ƙoshi, amma famfon ɗakin maza ko ɗigo ba ya yi. Da idona na ga an wanke ciwon mutum huɗu a jere da almakashi ɗaya, ba a wanke hannu a tsakani ba. Ban ga laifin nas ba, da me za ta wanke? Mai majinyaci a ɗebo masa ruwa a jarka, irina sai kallo.

Na biyu, gwaji. Magani uku aka canja min, duk da ka, ba gwaji. Da na ukun ya ƙi, aka ɗebi mugunya a 'yar kwalba, aka ce majinyacina ya kai ɗakin gwaji a Kano. Ranka ya daɗe, 'yata ɗaya ce, tana aure a Yola. Kwalbar ta kwana huɗu a kan durowa muna kallon juna har ta lalace. Ta biyun, Alhaji Tanko dillalin tumatir, da ya zo duba wansa, shi ya tausaya ya tafi da ita a gaban mota, kwanduna a baya. Mugunyata ta shiga birni a kujerar da ni ban taɓa samu ba.

Da sakamako ya fito, likitar can ta ce ƙwayar cutar ba daga bakin kanal na kwaso ta ba, 'yar asibiti ce. Akwai wani abin gado a jikinta da ke hana magani kama ta, kuma tana iya miƙa shi ga wata ƙwayar da ba danginta ba, kamar yadda manomi ke miƙa wa maƙwabci iri ta kan kunya. Ban yi mamaki ba. Shekara talatin na yi ina hana manoma tsinka maganin feshi don ya yi auki, ba su ji ba. Yau tsutsar tumatir sai ta sha feshi ta yi gyatsa.

Na uku, nawa laifin. Ni mai wa'azin nan, duk sanda jikina ya yi zafi sai in sayo kafso huɗu a kemis, in haɗiye biyu, in ajiye biyu don gaba. Likitar ta ce irin wannan ne ke koya wa cuta dabara. Na tuba. Amma ni ƙafa ɗaya na cutar, ku kuwa ɗaki guda kuke riƙe da shi.

Roƙona kaɗan ne. A gyara famfon nan, a ajiye sabulu. A tafasa kayan wankin ciwo tsakanin mutum da mutum. In magani ya ƙi sau ɗaya, a yi gwaji kafin a canja. Sannan asibiti ya sa ma'aikaci ɗaya mai kai kwalabe Kano, don ba kowa ke da majinyaci ba, ba kuma kullum ake kakar tumatir ba.

Ranar Litinin zan zo allura da wankin ciwo. Zan taho da butata cike da ruwa da sabulu guda, in ajiye a ƙofar ɗakin maza, na kowa da kowa. In na tarar famfo na zuba, sai in koma da butata, don ita kaɗai gare ni.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare ka da kwanciya a gado na shida. Ni kuma ka sa ni a addu'a, in zo yi maka godiya da ƙafafuna biyu.

Wassalam.

Naka,
Malam Hamisu, tsohon malamin gona,
daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure.