Pizar Marsai da Furera

Mompeliye, Nuwamba 1975

Zuwa ga Yaya Ɗela,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam Sallau da yara. Na ji daɗin labarin da kika ba ni cewa gero ya yi kyau bana a Yekuwa, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya lau nake, karatu na tafiya, sanyi ya shigo, ɗakina kuwa shiru kamar kullum.

Kin tambaye ni ko na ga Furera ta Dungas. Na gan ta. Kin san tun muna lise, makarantar sakandare, a Damagaram kwanonmu ɗaya, har ana yi mana tsiya wai cikinmu ma ɗaya ne. To, tun zuwana ƙasar nan ta Faransa ban ci abinci da kowa a kwano guda ba, sai ni da bango. Don haka na hau jirgin ƙasa zuwa Marsai, inda take zaune. Na ce mata teku na zo gani, alhali ba ruwana da teku.

Ta tarye ni da murna, ta yi ƙiba, tana aikin asibiti. Ta ce ba a zuwa garin a koma ba a ci pizarsu ba, ta kai ni wani gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa. Yaya, abin da ake ta zuzutawa gurasa ce mai faɗin faifai, an shafe ta da tumatir, rabi cuku, rabi ƙananan kifaye masu gishiri, a gasa a tanderun itace. Da a kasuwar Sassumbrum ne sai a ce mai gurasa ta yi ɓarin miya. Amma gaskiya da daɗi, bakinta ya ɗan ƙone kamar ƙanzo.

Guda biyu aka kawo, kowa da tata. Ni kuwa ban yi wani tunani ba na ture tawa gefe, na yi bisimilla, na miƙa hannu cikin ta Furera, da nufin mu gama wannan mu jawo waccan. Sai ta ɗan ja asitinta, wato farantinta, ta waiga ta dubi mutane, ta ce mini a hankali, da Faransanci, a nan kowa nasa yake ci. Ba da faɗa ba, har da murmushi. Ga ni ɗalibar ilimin zaman jama'a, amma sai da aka koya mini zama a tebur. Na janye hannuna, na ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, muka yi ta hirar tsadar haya. Ta tara ƙonannen bakin a gefe, irin wanda a da take turo mini ba sai na roƙa ba. Ina kallo mai hidima ya kwashe.

Ban riƙe ta da komai ba, ta fi ni daɗewa a nan, wataƙila ita ma an taɓa ja mata asiti. In mahaifiyarta ta aiko tambaya, ki ce tana lafiya, kuma ta karɓe ni da kyau, don haka ne. A tasha ta ce lalle in dawo hutu mai zuwa. Na ce in sha Allahu, irin wanda Baba ke ce wa dillalan gyaɗa in ba shi da niyyar sayar musu. Ta gane, ta sunkuyar da kai. Wannan Hausar dai ba ta manta ba.

Ki gaida Inna, da Kawu Manzo, da Tamu, da Ɗan Azumi sarkin kwaɗayi. Ki riƙa rubuto mini ko da babu labari.

Ƙanwarki,
Tabawa